Babi na 4: Maiƙon jinin jariri da ciwon asma da borin jini

Darasi na 1

'Yan uwa mata, ku buɗe littafi, a sa yatsa a layin farko, wacce ba ta gane ba ta ɗaga hannu, ba abin kunya bane.

Jinin jariri yana da maiƙo a ciki. Daga jikin uwa yake samu ta cibiya, an fi tura masa a wata ukun ƙarshe na ciki. Masu bincike kan ɗebi jinin cibiya bayan haihuwa su auna maiƙon. Iri biyu za mu riƙe, omega-3 da omega-6. Ku rubuta 3, ku rubuta 6. Na 6 yana cikin man gyaɗa da riɗi, wannan kam muna ci kullum. Na 3 shi ne muke ƙarancinsa, yana cikin kifin teku irin titus da shawa da sardin na gwangwani.

A ƙasar Denmak an ba masu ciki man kifi tun daga sati na 24, sakamakon ya fito a 2016, yaransu sun samu raguwar asma da shesshekar ƙirji da kusan kashi 1 cikin 3. Gado ma yana da hannu, amma abincin uwa a hannunmu yake.

Darasi na 2

Toh nan ne kuke tuntuɓe. Wa zai ci kifin? Uwa. Ku faɗa tare. Uwa ce za ta ci, ba jariri ba. Madalla, a sake. Ba a ɗura wa jariri man kifi, ba man shanu, ba ruwan rubutu, nono kaɗai har wata 6, maiƙon zai same shi ta nonon. Ku rubuta: uwa ce ke ci.

Haba jama'a, in an fita sai wata ta ce ai Malama ta ce a ba jaririn mai, wallahi ban faɗa ba! Ko kakarsa ce ta matsa, ki ce Iya ki yi haƙuri, ni zan ci. A sake rubutawa sau 5.

Darasi na 3

Ranar kasuwa ki sa maigida ya sayo kifi, ki dafa shi ya nuna sosai. Ƙwayar man kifi kuwa sai kin tambaya a wajen awo.

Darasi na 4

Yaro yana yawan ƙaiƙayi ko numfashinsa na fito da ƙara, a kai shi asibiti.