Yadda ake tsara binciken doktora a Nijar don ya ƙare kan lokaci

A takarda, tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) ya ba ɗalibin doktora shekara 3, bayan 3 na lisans da 2 na mastar. A aikace kuwa, ba abin mamaki ba ne ka ga wanda ya shiga shekara ta biyar bai kare kundinsa gaban alƙalan jami'a ba, kuma galibi ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Abu biyu ne ke cin lokacin: maudu'in da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, da jadawalin da aka zana a ofis ba tare da an duba damina da kaka da rani ba.

Kafin maudu'i, nemi malamin da zai duba aikin. A ƙasashen da ke cikin CAMES, hukumar da aka kafa a 1968, da ke Wagadugu, mai tantance muƙaman malaman jami'a, farfesa cikakke ko mai muƙamin da ke biye masa ne ke da ikon jagorantar kundin doktora. Ƙaramin malami yana iya taimakawa, amma sa hannunsa shi kaɗai ba ya yi maka rajista. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka aza tubalinta a 1971, ita ce ta fi tara manyan malamai. Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua tana cikin waɗanda aka buɗe a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, don haka ɗalibin da ke zaune Tahoua yana iya samun kansa da jagora a Yamai, kusan kilomita 550 tsakaninsu. Idan haka ta kama, ku yanke tun farko sau nawa za ku haɗu ido da ido a shekara, kuma ta wace hanya zai riƙa maido gyara. Tambayi tsofaffin ɗalibansa abu biyu a asirce: mutum nawa yake dubawa yanzu, kuma wata nawa babi yake yi a hannunsa. Babban suna da ba ya karanta aiki bai kai matsakaicin malami mai amsa saƙo cikin mako biyu ba. Ka kuma karɓi takardar ƙa'idojin makarantar doktorarka, wato sashen jami'a mai kula da ɗaliban doktora, ka karanta da kanka, domin a ciki ne aka faɗi kwasa-kwasan dole, da rahoton da ake bayarwa kowace shekara, da yawan maƙalolin da sai ka wallafa kafin a bar ka ka kare.

Maudu'i kuma a matse shi har ya zama tambaya. “Sauyin yanayi da noma a Nijar” kan magana ne, ba tambaya ba. “Me ya sa wasu gonakin da aka farfaɗo da su a Keita tun aikin da aka fara a 1984 suke ba da amfani har yanzu, wasu kuma suka koma faƙo?” wannan tana da wuri, tana da lokaci, tana da abin aunawa. Haka ga mai tarihi: tarihin Adar gaba ɗaya Djibo Hamani ya riga ya yi aiki mai zurfi a kansa, amma kasuwa ɗaya, ko gidan malamai ɗaya, ko hanyar fatake ɗaya, suna nan suna jira. Gwajin mai sauƙi ne. Faɗa wa wanda ba fanninka yake ba tambayar cikin jimla biyu. Idan ya kasa maimaita ta, ba ta nuna ba tukuna.

Watanni shida na farko na karatu ne da rubuta tsarin bincike. Sa Zotero, manhajar adana bayanan takardun da aka karanta, a kwamfutarka tun ranar farko, kyauta ne, ka shigar da kowace takarda da ka karanta tare da lambar shafin da ka ɗauko magana. Wanda ya bar wannan sai shekara ta uku zai yi makonni yana neman inda ya ga wata jimla. Shafukan intanet na Persée da HAL da AJOL da OpenEdition suna da tarin rubuce-rubuce da ake saukewa ba biya, Research4Life kuma yana buɗe mujallu masu tsada ga cibiyoyin ƙasashe irin namu, sai dai ta ɗakin karatun jami'a ake samun kalmar shiga. Kada intanet ta hana ka taka ƙafa zuwa cibiyoyin bincike da ke Yamai: IRSH tana da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, CELHTO tana da faya-fayen tarihin baka, LASDEL tana da rahotannin bincike kan asibitoci da ƙananan hukumomi, AGRHYMET kuma bayanan ruwan sama da yanayi. Mai tarihin zamanin Turawa ya sani wani ɓangaren takardunsa yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, wani yana Dakar, wani yana Aix-en-Provence a Faransa, ya sa kuɗin tafiya cikin lissafi.

Yanzu jadawali, inda aka fi faɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauki takarda ka rubuta watan da kake son kare kundi, ka riƙa dawowa baya, kana aza kowane aiki a kan lokacin da yake yiwuwa.

Ɗalibin noma da ke gwaji a kan hatsi yana da damina ɗaya tak a shekara, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma alƙalai ba safai suke gamsuwa da sakamakon damina ɗaya ba, domin shekarar fari da ta ruwa ba sa ba da amsa iri guda. Ke nan damina ta farko da ta biyu na gwaji ne, ta uku ajiya ce idan ɗaya ta lalace. Wanda ya bari daminar farko ta wuce yana jiran kuɗi ko takarda ya riga ya shiga shekara ta huɗu. A watan Afrilu ya kamata a ce fili yana hannu, a tashar binciken noma ta INRAN ko ta ICRISAT a Sadore ko a gonar manomi. A watan Mayu a ɗebi samfurin ƙasa, zurfin santimita 0 zuwa 20, daga wurare da dama a gauraya, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, duk kafin a zuba taki. Kowane nau'in gwaji a maimaita shi aƙalla sau 4, kuma ƙuri'a ce za ta raba filayen, ba ido ba, don ido yakan kai abin da mutum ke so ya ci nasara gefen da ya fi kyau. Idan gwajin ɗan takin gindi ne, gram 6 na NPK ko gram 2 na DAP a kowane rami, a yanka murfin kwalba ya zama ma'auni a gwada shi a sikeli, kada a bar kowane lebura da yatsunsa. Kafa ma'aunin ruwan sama cikin gonar kanta. Ruwan da ya sauka a tashar da ke kilomita 15 ba lalle ne ya sauka wurinka ba. Sannan shinge da mai gadi. Akuya ɗaya da dare ɗaya sun isa su shafe aikin shekara.

Mai binciken zamantakewa ko tattalin arziki lissafinsa daban ne. A Adar, da zarar an gama girbi maza da yawa sukan tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Idan ka shiga ƙauyukan Illela ko Buza a watan Fabrairu da tambayoyin da aka rubuta don magidanta, tsofaffi da mata da yara za ka tarar, kuma alƙalumanka za su karkata ba ka sani ba. Da damina kuma kowa yana gona daga asuba, hanyoyin kwari suna yankewa. Oktoba zuwa farkon Disamba ne lokacin da aka fi samun gida cike. Mai nazarin albasar Galmi da rani zai je, mai nazarin makiyaya kuma ya san da damina sun yi arewa. Duba ranar kasuwar kowane gari, ka duba inda azumi zai faɗo a shekarar, musamman idan bincikenka ya shafi abinci ko kashe kuɗin gida. Batun tsaro ma ba a wasa da shi: tun 2017 wasu sassan Tillaberi da arewacin Tahoua suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, har da hana hawa babur a wasu wurare. Rubuta yanki na biyu cikin tsarin bincike tun farko, wanda ya yi kama da na farko, don kada canjin wuri ya sa a sake komai.

Takardu kafin tafiya: izinin bincike daga jami'a, sannan ka bi ta ofishin gwamna, da na perefe, da na magajin gari, kana ka gai da sarki da maigari. Wanda ya tsallake maigari zai sha “ba ya nan”. Duk binciken da zai taɓa jini, ko majinyata, ko bayanan lafiya, sai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ya amince, kuma ba kullum yake zama ba, don haka a kai takardu watanni kafin ranar fita.

Mutum nawa za a tambaya? Idan kana son tabbaci kashi 95 cikin 100 da kuskuren da bai wuce kashi 5 ba, kuma ba ka da masaniyar yawan abin da kake nema, lissafin yana ba da 384. Amma idan ƙauyuka ka fara zaɓa sannan gidaje a cikinsu, mutanen ƙauye ɗaya suna kama da juna, saboda haka akan ninka adadin, sau da yawa biyu, ya koma 768, a ƙara kashi 10 cikin 100 don waɗanda ba za a samu ba. Idan aljihu bai kai nan ba, rage faɗin tambayar, kada ka rage adadin ka yi shiru.

Loda tambayoyin a KoboCollect, manhajar waya ta cika tambayoyi, tana aiki ba intanet, ka gwada su a kan gidaje 15 ko 20 da ba sa cikin waɗanda aka zaɓa don binciken. A nan ne kurakuran da suka fi ɓarna ke fitowa. Tambayoyin da Faransanci aka rubuta su, da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek za a yi su. Idan ba a zauna an daidaita fassara ɗaya ba, masu tambaya biyar za su yi tambaya biyar daban-daban. Kuɗi kuma da dala ake ƙirga su: manomi ya ce “ɗari”, sefa 500 yake nufi, jika kuma 1000. Mai tambaya ɗaya ya rubuta 100, wani ya rubuta 500, matsakaicin ya zama shirme. Haka dami da tiya. Damin hatsin wannan gari ba shi ne na wancan ba, sai ka sayi aƙalla goma a kowane yanki, a sussuka, ka auna a sikeli. Girman gona ma kada a dogara da baki, a zagaya wasu da GPS. Kowane dare duba abin da aka shigar kafin ku bar garin, don gyaran da ke ɗaukar minti biyar yau zai ci kuɗin mota gobe.

Masu hira mai zurfi su yi wannan lissafin: awa ɗaya ta murya tana cin awa 5 ko fiye wajen kwafewa. Hira 40 awa 200 ke nan, wato kwana 50 idan kana yin awa 4 kullum, ban da fassara. Kwafe da harshen da aka yi hirar, ka fassara abin da za ka ɗauko kawai. Nemi yardar mutum kafin ka kunna na'ura, ka sauya sunansa da lamba, takardar da ke haɗa suna da lamba kuma ta zauna wuri dabam. Bayanai su kasance wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya da ba ya kwana jaka ɗaya da ita, da intanet. Zafin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu, da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, duk suna kashe na'ura.

Rubutu ba ya jiran ƙarshe. Babin hanyoyin bincike a rubuta shi ana cikin aikin, lokacin da ake tune da dalilin da ya sa aka canja ƙauye ko aka jefar da wani samfuri. Kalma 300 a rana cikin kwana 240 ta haura 70,000, kusan shafi 200. Maƙala ta farko a tura ta kafin shekara ta biyu ta ƙare, domin tsakanin turawa da gyara da fitowa ana iya cin wata shida zuwa shekara. Mujallar da ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan ka biya, guje ta. Kuɗinka zai tafi, maƙalar kuma ta zama abin kunya gaban alƙalai. Kwafen rubutun wani ba tare da ambato ba kuwa, manhaja tana kama shi, kuma yana iya soke digirin ko bayan an ba da shi.

Ware wata huɗu zuwa shida na ƙarshe don abin da ba ya hannunka. Jagora zai karanta kundin gaba ɗaya, makarantar doktora za ta naɗa masu rahoto, wato malaman da za su tantance kundin kafin karewa, galibi har da na wata jami'a, kowannensu yana buƙatar makonni, sannan a nemi ranar da duk alƙalan ke da sarari. A ranar karewa minti 20 zuwa 30 aka saba bayarwa, tambayi naka adadin: shafukan nuni a allo 15 zuwa 20 sun isa, fiye da rabinsu a kan sakamako. Gwada jawabin sau biyu gaban abokan ɗakin bincike da agogo a hannu, ka zo da kwafi a takarda saboda wuta. Sa wani ya rubuta duk gyaran da alƙalai suka nema, domin kai ba za ka tuna rabinsu ba. Yi gyaran cikin wa'adin da aka ɗiba, shugaban alƙalai ko jagora ya sa hannu, ka kai kwafin ƙarshe makarantar doktora da ɗakin karatu. Sai an karɓi wannan ake fitar da takardar shaida.