Kurakuran da muke tafkawa wajen zaɓar fulogin ɗin kash a WordPress

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cina. Sai mutum ya turo min saƙo wai shafinsa nauyi yake kamar an ɗaura masa dutse, ya saka fulogin ɗin kash (ƙarin manhajar da ake ɗora wa WordPress don shafi ya yi sauri) amma babu abin da ya sauya, wani ma ya ce ƙara dagulewa ya yi. In na leƙa, kusan kullum matsalar tun daga wajen zaɓen ta fara.

Bari mu fara da abin da kash ɗin yake yi. Duk lokacin da wani ya buɗe shafinka, WordPress sai ya tashi PHP, yaren da aka rubuta shi da shi, ya je MySQL, rumbun bayanansa, ya kwaso rubutu, ya harhaɗa sannan ya miƙa. Kamar mai tuwo ce da take hura wuta ta tuƙa sabo ga duk wanda ya zo saye. Fulogin ɗin kash shi ne kular da ake zuba malmala a ajiye, mai saye na zuwa a ɗauko a ba shi. Iyakar aikinsa ke nan fa, ba ya mayar da buhu ya zama leda.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zaɓi fulogin bai san irin sabar (kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet) da shafinsa ke zaune a kai ba. Ya ji ana yabon LiteSpeed Cache a YouTube sai ya je ya saka, alhali ajiyar shafi ta wannan fulogin da sabar LiteSpeed take aiki, in Apache ko Nginx kake kai to wannan ɓangaren ba zai yi ba sai ka haɗa shi da QUIC.cloud, sabis ɗin ajiya na masu LiteSpeed, kai kuwa kana nan kana ganin ka gama aiki. Gyaran minti biyu ne. Shiga dashbod, Tools, Site Health, Info, ka buɗe Server, za ka ga sunan sabar a rubuce. In LiteSpeed ce, kamar yadda kamfanin hostin Hostinger ke amfani da ita, to wallahi kar ka wahalar da kanka, LiteSpeed Cache kyauta ne kuma shi ya dace da kai. In ba ita ba ce, WP Super Cache na kamfanin Automattic ya ishi ƙaramin shafi, setinsa ba yawa. Mai kuɗin saye ya ɗauki WP Rocket. Akwai kuma kamfanonin hostin irin su WP Engine da Kinsta da suke yin kash ɗin da kansu daga saba har suna hana wasu fulogin ɗin, to ka tambayi naka tukuna.

W3 Total Cache fa? Yana da ƙarfi, ban musa ba, amma maɓallansa sun yi wa sabon shiga yawa, ni ba na ba wanda ya fara jiya shawarar sa.

Sai masu tara biyu ko uku lokaci ɗaya wai don gudu ya ninku. Ai ba a sarki biyu a gari ɗaya. Yawancinsu fayil guda suke rubutawa, advanced-cache.php a cikin wp-content, wannan ya rubuta wancan ya goge. Ka bar ɗaya, sauran ka kashe su ka goge, ka leƙa wp-content da .htaccess ko sun bar tarkace.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai kunna komai a zama ɗaya. Matse CSS, haɗe JavaScript, jinkirta skirif, duk ya danna ya yi sebin, sai washegari wani ya kira shi ya ce menu ba ya buɗuwa a waya ko talla ta daina fitowa, kuma bai san wanne ne ya jawo ba tunda goma ya kunna. Kunna ɗaya, share kash, duba a waya, sannan ka matsa gaba. Kuma dubawar nan ka yi ta a incognito, wato tagar sirri ta burauza, don in kana ciki a matsayin admin galibi ba kwafin ajiya ake nuna maka ba, abin da kake gani daban na baƙi daban.

Don Allah maganar WP Rocket na bulus da ake rabawa a Telegram, ku rabu da shi. Ba shi da na kyauta, duk wanda ka samu a haka wani ya taɓa shi, kuma ta nan ake cusa wa shafi ƙofar baya. Na taɓa zama kwana biyu ina share wa wani ɗan uwa shafi saboda haka, baƙinsa ana ta jefa su wani shafin caca.

Masu shago da WooCommerce, fulogin ɗin saye da sayarwa, kwando da shafin biya da na asusu ba a ajiye su, in ba haka ba wani zai ga kayan wani. Manyan fulogin suna cire su da kansu amma ka tabbatar. Haka tsawon lokacin ajiya, lambar tsaron da WordPress ke liƙa wa fom tsakanin awa 12 zuwa 24 take mutuwa, in kwafinka ya wuce haka fom zai iya ƙin tafiya, shi ya sa awa 10 ya fi kwanciyar hankali ga shafi mai fom.

Sannan hotuna. Ka ɗauki hoto da waya mai nauyin mega 4 ka ɗora haka nan, babu kash ɗin da zai cece ka, mai karatu a Gusau ko Maraɗi da netwok ɗinsa ke rawa shi zai biya da datarsa. Rage faɗinsa, mayar da shi WebP, tsarin hoto mara nauyi, WordPress yana karɓa tun sigar 5.8 a 2021. In sabarka a Amurka ko Turai take, ka haɗa da Cloudflare, masu ajiye kwafin kayan shafi kusa da masu karatu, suna da cibiya a Legas.

Kar kuma ka haukace kan sai ka ci 100 a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google. Ka duba sakamakon waya, ka kalli LCP, wato lokacin da babban abu ke ɗauka kafin ya fito, Google ya ce babban abin da ke shafin ya bayyana cikin sakan 2.5. Auna kafin ka saka fulogin, rubuta lambar a takarda, auna bayan ka saka, in ba ta motsa ba to ciwon yana hotuna ko hostin ɗin, can za ka nufa.