Yadda na shawo kan karayar karan hancina

A wajen wasan ƙwallo ne gwiwar hannun wani ɗan wasa ta same ni a karan hanci, nan take haɓo ya ɓalle. Abokai suka ce in ɗaga kai sama, amma na ƙi, domin hakan yana tura jinin cikin maƙogwaro ne kawai. Na zauna na ɗan sunkuyar da kai, na matse wuri mai taushi na hancin tsawon minti 15 ban saki ba, sannan na naɗe ƙanƙara a tsumma na ɗora.

Washegari likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya fara duba ko jini ya taru a jikin guringuntsin da ya raba kafofin hanci, saboda irin wannan taruwa takan kashe guringuntsin idan ba a zuƙe ta da wuri ba. Bai samu ba. Ya ce in dawo bayan kwana 5 idan kumburi ya sace, kada in wuce mako 2, lokacin da ƙashin yake fara haɗewa a karkace. Da na koma, aka yi mini allurar kashe zafi, ya mayar da ƙashin mazauninsa. Hutun mako 6 da ya ɗora mini daga ƙwallo ya fi gyaran kansa yi mini wuya.