Yadda matasan unguwa za su kai kukan kwata gaban ciyaman a Legas

Kafin a rubuta komai, a fara gano ƙaramar hukumar da layin yake. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma kowanne da ciyamansa. Mutumin Orile-Agege, yankin raya ƙasa mai nasa ciyaman, da ya kai takarda sakatariyar Agege ya ɓata tafiyarsa.

Sannan a san abin da ke wuyan ciyaman: kwatar cikin layi, tsaftar kasuwa da tasha, bayin jama'a da ƙananan asibitoci. Manyan magudanan ruwa aikin Ma'aikatar Muhalli ta jiha ne, kwashe shara kuwa sai hukumar shara ta jiha, wato LAWMA.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, da Turanci: sunan layi, tsawon wurin da ya toshe, yawan gidajen da ruwa ke shiga, da hotuna uku masu kwanan wata. A nemi sa hannun shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, da na Sarkin Hausawa. A nan yawancinmu ke faɗuwa, don mun saba da kai kuka da baki bayan sallar Juma'a, baki kuwa ba ya shiga fayil.

A yi kwafi uku. Ɗaya ofishin ciyaman, ɗaya kansila, ɗaya a buga masa hatimin karɓa a riƙe. Bayan mako biyu mutum biyu su koma, ba gayya ba.

A yi wannan tun Fabrairu, kafin damina. Idan kuwa amai da gudawa sun ɓulla, kamar kwalarar Yunin 2024, ba a jiran takarda: a sanar da duba-gari, a kira lambar gaggawa 112.