Yadda Nake Zaɓen Wuƙar Girki 'Yar Japan

Ni dai kafin sunan kamfani, ƙarfen nake fara tambaya. Wuƙata ta farko mai ƙarfen shirogami ce, wato wani ƙarfen Japan mai saurin tsatsa, kaifi kamar reza. Na yanka lemon tsami na bar ta jiƙe, kafin la'asar ta yi tsatsa, ranar kam na ji haushi. In ba ka da haƙurin goge wuƙa ta bushe, nemi wadda ba ta saurin tsatsa, kamar samfurin Tojiro DP mai ƙarfen VG-10 daga garin Tsubame, ko samfurin Shun na garin Seki.

Gyuto, wato wuƙar girki ta gama-gari, mai tsawon santimita 21 ta ishe ka albasa da tsokar nama. Riƙe ƙotar ka ji nauyinta tukuna. Kada ka sara ƙashi da ita, bakin zai ɓalle. Ka haɗa da dutsen wasa wuƙa mai lamba 1000, wato mai matsakaicin kaushi.