Yadda Za Ka Gyara Tabarau Ya Zauna Daidai a Fuska

Da farko, ɗora tabaran a kan tebur, hannuwansa a buɗe. In ɗaya ya ɗaga bai taɓa teburin ba, to can karkatar take.

Sannan duba 'yan kusoshin da ke mahaɗar hannuwan. Sau da yawa su ne suka saki, ƙaramin sukudireba irin na masu gyaran agogo ya isa.

In zamewa yake yi a hanci, musamman lokacin zafi da gumi, sai ka tsoma ƙarshen hannun roba cikin ruwan ɗumi kamar daƙiƙa 30, ka lanƙwasa shi ƙasa kaɗan inda yake zagaye kunne. Ɗumi fa na ce, kada ka tafasa, kuma kada ruwan ya taɓa gilashin, zafi yana ɓata shafen da ke kansa. Ni da gaggawa na taɓa karya nawa, ƙas, saura kwana biyu Sallah.

Na ƙarfe kuwa, matse 'yan matasan hancin nan biyu da yatsa ya hau sama, buɗa su ya sauko.

Sa shi, sunkuya, girgiza kai. In ya ƙi zama, kai wa mai tabarau.