Yadda za ka auna gudun janaretanka da Arduino

Wutar Kamaru a kan 50 Hz take, wato tana zagaye 50 a kowace daƙiƙa, don haka ƙaramin janareta na fetur irin wanda masu shago a Garwa da Marwa ke amfani da shi ya kamata ya juya sau 3000 a minti ɗaya. In ya yi ƙasa ko ya wuce, kayan wutarka ne za su sha wahala. Ga yadda za ka auna da kanka.

1. Tanadi Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake saka wa shiri), sensa A3144 (mai jin maganaɗisu), resista 10k, ƙaramin maganaɗisu da gam mai ƙarfi.

2. Kashe injin. Manna maganaɗisun a jikin abin da ke juyawa tare da sandar injin, ka bari gam ɗin ya bushe sarai. Kada ka yi gaggawa a nan, domin in ya ɓalle injin na gudu, zai iya fasa ido. Sensar gefe ɗaya na maganaɗisu kawai take ji, saboda haka ka gwada kafin ka manna.

3. Kafe sensar kusa da inda maganaɗisun zai riƙa wucewa, tazarar milimita 2 zuwa 3. In rubutunta na fuskantarka, ƙafar hagu ta tafi ramin 5V na Arduino, ta tsakiya ramin GND, ta dama fil na 2. Resistar ta haɗa ƙafar dama da 5V.

4. Duk lokacin da maganaɗisun ya wuce sensar, tana aika bugu ɗaya. A cikin shirin da za ka rubuta wa Arduino, yi amfani da umarnin attachInterrupt ka ƙirga bugun da ya shigo cikin daƙiƙa ɗaya, ka ninka da 60. Bugu 50 shi ne juyi 3000 a minti ɗaya.

5. Nisanta wayoyinka daga wayar fulogi, tartsatsinta na jawo ƙirgen ƙarya. Sannan ka auna yayin da injin ke ba kayan wuta lantarki.